Ma'aikatan Otal: Wa Za Ka Ɗauka Dindindin, Wa Za Ka Kira na Wucin Gadi?

Duk mai riƙe da otal a Kano, Kaduna, Katsina ko Bauchi ya san kasuwar nan ba ta tafiya bai ɗaya. Wani makon ɗakuna cike maƙil, an kama ɗakin taro tun daga Alhamis har Lahadi, kuku tun asuba bai zauna ba. Wani makon kuma ma'aikata sun fi baƙi yawa, weta na zaune yana danna waya, janareta na shan dizal, ga albashi na tahowa ƙarshen wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba. In ka cika gidan da ma'aikatan dindindin, watannin rashin ciniki su cinye ribar da ka tara. In kuma ka mayar da kowa ɗan rana, a kira shi yau a sallame shi gobe, sai ka wayi gari babu wanda ya san inda makunnin injin borehol yake, baƙon da ya shekara biyar yana sauka wurinka ya zo ya tarar babu fuskar da ta gane shi.

Abin da ya fi jefa masu otal cikin asara shi ne yanke hukunci ɗaya a kan gidan gaba ɗaya. Wannan ya ce shi duk kwantaragi yake bayarwa, wancan ya ce shi ba ya ɗaukar 'yan rana ko ɗaya. Gurbi-gurbi ake yin wannan zaɓi. Akwai kujerar da in ka ɗora baƙuwar fuska a kanta ka saida mutuncin otal ɗinka da araha, akwai kuma wadda biyan albashin wata goma sha biyu a kanta ɓarnar kuɗi ce kawai. Ga yadda za ka rarrabe su.

Mataki na 1: Fara da littafin rajista, kafin ka yi maganar ɗaukar kowa

Ɗauko rajistar baƙi da ta kama ɗakin taro na shekara biyu da suka wuce. In a kwamfuta suke, a buga maka su a takarda. A kowane wata ka fitar da abu uku: ɗakuna nawa ake kwana a ciki a dare in an daidaita, taro nawa aka yi, faranti nawa kicin ya fitar. Kada ka dogara da abin da kake tunawa, domin mutum ya fi riƙe daren da gida ya cika har aka mayar da baƙi, ya manta makonni ukun da suka biyo baya.

A Arewa sai ka duba kalanda biyu a lokaci guda. Watan Sha'aban bukukuwan aure kan yi yawa, kowa na son a kai amarya kafin azumi. Azumi ya kama, ɗakuna su yi sanyi, sai dai kicin ya samu aikin buɗa-baki. Bayan Ƙaramar Sallah biki ya dawo, sannan ga Disamba da nata cunkoson. To da yake watan Musulunci yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, abin da ya faru a Maris ɗin bara ba zai gaya maka na Maris ɗin bana ba. Saboda haka ka rubuta watan Musulunci a gefen kowane watan bature.

Kowane gari kuma da nasa lokacin. Kaduna tana da baje-kolin ƙasa da ƙasa a farkon shekara, Kano nata yakan zo ƙarshen shekara. Masauki a hanyar Yankari ya fi ganin mutane da rani da lokacin hutu. Otal ɗin Abuja da ke rayuwa da tarukan ma'aikatu da ƙungiyoyi, daga Litinin zuwa Alhamis yake cika, ƙarshen mako ya yi tsit, akasin otal ɗin da ke rayuwa da dina da walima.

Sannan ka ware cinikin da ba shi da tabbas, ka sa masa alama. Bikin kamun kifi na Argungu ya yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. Hawan Sallah a Kano an dakatar da shi lokacin korona, an kuma sake dakatarwa a 2024 saboda dalilan tsaro. Cinikin 'yan siyasa lokacin zaɓen fid da gwani yana da daɗi, amma shekara huɗu ake jira. Kada ka ɗauki ma'aikacin dindindin ko ɗaya a kan irin wannan ciniki.

In ka gama, lamba biyu za su rage a hannunka: abin da gidan ke yi a watanninsa na sanyi, da abin da yake yi in ya cika. Duk sauran lissafin a kansu zai hau.

Mataki na 2: Yi wa kowane gurbi tambaya huɗu

Rubuta duk ayyukan gidan, daga manaja har mai share farfajiya. A kan kowanne ka tambaya: yana riƙe mukulli? Yana taɓa kuɗi ko kayan sito? Ɗanɗanon abinci ko lafiyar injuna na hannunsa? Aikinsa na buƙatar ya san baƙo da halinsa? In amsar ɗaya daga ciki ta zama e, wannan gurbin na dindindin ne, ko da kuwa kana ganin aikin ƙarami.

Ɗauki mai gyaran ɗaki, wadda masu otal da yawa ke ɗauka a matsayin aikin kowa da kowa. Ƙarfe goma na safe ta tura kekenta na zannuwan gado da tawul, ta ƙwanƙwasa sau uku, ta sa kati ta shiga. Baƙo ya fita taro. Agogonsa na kan durowa, kwamfutarsa a buɗe kan tebur, ta ɗaga filo ta ga bandir ɗin 'yan dubu-dubu, fasfo na leƙowa daga aljihun jaka. Minti ashirin zuwa talatin za ta yi a ɗakin nan ita kaɗai, babu kyamara, babu mai kallo. Katin da ke hannunta kuma yana buɗe kowace ƙofa a benen. Wannan amana ce da ba a ɗora wa wanda jiya aka kawo shi kuma jibi ba za a sake ganinsa ba. Ba wai ɗan wucin gadi ɓarawo ba ne. Yawancinsu 'ya'yan mutunci ne masu neman halali. Amma ranar da baƙo ya ce agogonsa ya ɓata, kana buƙatar mutumin da ka san gidansu, ka san wanda ya tsaya masa, shi ma yana da aikin da ba ya son rasawa. Kuma hakan kariya ce ga ita kanta ma'aikaciyar, domin wadda ta shekara uku ba a taɓa jin kanta ba, in aka yi mata ƙazafi, tarihinta zai tsaya mata.

Risepshon ma haka. Nan ne POS yake, nan ake karɓar taransifa, nan mai alat ɗin bogi yake gwada sa'arsa da ƙarfe ɗayan dare. Wanda ya daɗe a kan teburin ya san ba a miƙa mukulli sai an ga kuɗin a asusun otal, ya san a karɓi katin shaida a rubuta, ya san yadda ake magana da jami'an tsaro ko Hisbah in sun zo duba rajista ba tare da an tayar wa baƙi hankali ba. Shi ne kuma zai ga Alhaji ya shigo ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe, ɗakinka na ƙasa na nan an gyara, na san ba ka son hawa bene." Wannan gaisuwar ita ke sa mutum ya wuce otal uku a hanya ya zo naka.

Babban kuku da mataimakinsa, dindindin. Baƙo ya ci miyar kuka ko farfesun kayan ciki ya ji daɗi, in ya dawo bayan wata biyu wannan ɗanɗanon yake nema. Mai sito da kashiya da akanta ba sai an faɗa ba. Sai wanda ake yawan mantawa: mai kula da janareta da famfo da na'urar sanyaya ɗaki. Dizal na daga cikin manyan abubuwan da ke cin kuɗin otal a ƙasar nan. Wanda ya san lita nawa injinka ke sha a awa, ya san ƙararsa in mai ya kusa canji, ya fi maka masu gyara uku da za ka riƙa kira daga waje bayan an riga an zauna a duhu.

Abin da ya rage bayan wannan tacewar shi ne filin 'yan wucin gadi: weta na ranar biki, masu wanke-wanke, masu jera kujeru da kwashe su, masu shara bayan taro, masu tsara motoci a wurin fakin, ƙarin hannu a wanki da guga, da yaran kicin masu fere dankali da yanka albasa. Aiki ne mai nauyi, amma ana koyonsa cikin yini ɗaya ko biyu, kuma ana yinsa a gaban idon wani.

Mataki na 3: Auna yawan na dindindin da watan sanyi

Ga misali da za ka sauya da lambobinka. A ce otal mai ɗaki 40, a watan sanyi ana kwana a ɗaki 16, in ya cika a kai 36. Mai gyaran ɗaki ɗaya a aikin awa takwas takan iya ɗaki 12 zuwa 14 in ana son aiki mai tsafta. Ɗaki 16 na buƙatar mutum biyu, ka ƙara ta uku saboda ranar hutun mako da sharar barandu da matakala. Ranar da gida ya kai ɗaki 36, ukun nan duk za su kasance a bakin aiki, sai ka kira mutum ɗaya ko biyu daga waje su riƙa bin su suna cire zannuwa da wanke banɗaki. Katin buɗe ƙofa ya zauna a hannun ta dindindin.

Risepshon lissafinsa daban, domin ba ya rufewa. Mako yana da awa 168. In mutum ɗaya yana yin awa takwas, kwana shida, awa 48 ke nan. Raba 168 da 48, za ka samu uku da rabi. Wato teburin da ake son kullum da mutum a kai yana buƙatar ma'aikata huɗu. Otal-otal da yawa suna sa mutum biyu su riƙa karɓa-karɓa awa sha biyu-sha biyu babu hutu, sannan mai gida ya yi mamakin me ya sa baƙo ya tarar da yaro na barci a kan tebur, ko me ya sa duk wata uku sai wani ya gudu. Wannan tsimin ba ya haifar da riba.

Don ɗakin taro, in abincin ɗauki-da-kanka ne, weta ɗaya ga baƙi kamar talatin ya wadatar. In kai wa tebur za a yi, weta ɗaya ga tebur biyu masu mutum goma-goma. Dina mai mutum 300 ke nan tana neman weta 15. Babu hankali a riƙe mutum 15 da albashin wata saboda dare huɗu ko biyar. Ka riƙe uku ko huɗu na dindindin waɗanda kullum suke gidan cin abinci, ranar biki kowannensu ya zama shugaban rukuni.

Mataki na 4: Yi lissafin kuɗin da gaske

Albashi ba shi ne duka kuɗin ma'aikacin dindindin ba, kuma kuɗin yini ba shi ne duka kuɗin ɗan rana ba. A ce kana biyan weta naira 80,000 a wata. Kason fansho da ke kanka, kashi 10 cikin ɗari, kusan 8,000. Kashi 1 cikin ɗari na asusun NSITF mai biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, 800. Abincin bakin aiki, a ce 1,000 a rana sau 26, ya kama 26,000. Yunifom da magani da kuɗin wanda zai tsaya masa lokacin hutu, a raba a wata, a ce 5,000 da 'yan kai. Ya tashi wajen 120,000 a wata, 1,440,000 a shekara.

Ɗan wucin gadi kuma, a ce 6,000 a yini, abinci 1,000, kuɗin Keke ko mota in an tashi da dare 1,000. Ya kama 8,000. Raba 120,000 da 8,000, ka samu 15. Ma'ana, gurbin da kake buƙatar mutum a kai fiye da kwana 15 a wata, ko kwana 180 a shekara, ɗaukar dindindin ya fi maka sauƙi ko a kuɗi tsagwaronsa. Wanda bai kai haka ba, ɗan wucin gadi ya fi. Farashin garinku zai bambanta da nawa, amma hanyar lissafin ɗaya ce.

In lambar ta faɗo kusa da tsakiya, ka karkata wajen dindindin. Dalili, akwai asarar da ba ta shiga wannan lissafi: farantai da kofunan da sabon hannu ke fasawa, lokacin da babban weta ke ɓatawa yana nuna wa mutum inda cokula suke, ranar da aka kira mutum goma shida suka zo, da uwar amarya da ta fita tana gaya wa ƙawayenta an bar teburin dangin ango babu ruwa. A garuruwanmu labarin otal baki da baki yake yawo, yanzu kuma ga WhatsApp.

Mataki na 5: San abin da doka ta ɗora maka

Kiran mutum "na wucin gadi" ba ya cire shi daga inuwar doka. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce kafin ma'aikaci ya wuce wata uku da fara aiki, dole a ba shi takarda mai bayyana irin aikinsa, albashinsa, lokutan aiki, hutu, da yadda za a rabu. Sashe na 11 ya tsara notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Wanda ya cika wata goma sha biyu yana aiki yana da hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa. Akwai hutun yini guda a kowane mako, da hutun haihuwa na mako goma sha biyu ga mace.

Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun 2024. Dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin ɗan lokaci a rana, da masu aikin jinga ko kamasho. Ko da otal ɗinka ya faɗa cikin waɗanda aka keɓe, ka duba kuɗin mota da na kwanon shinkafa a yau ka tambayi kanka ko wanda ake biya ƙasa da haka zai iya riƙe maka amanar sito. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuwa ta haɗa har da ɗan wucin gadi: yaron da aka kira na yini ɗaya, in tafasasshen mai ya zubo masa a kicin ɗinka, yana da haƙƙi. Kuma kada ka sa yaron da bai kai shekara sha takwas ba aikin dare, komai roƙon da iyayensa suka yi.

Akwai wata dabara da ta zama ruwan dare wadda nake roƙonka ka nisanta: a riƙe mutum shekara uku, huɗu, yana zuwa kullum, yana sa yunifom, amma duk wata uku a "sallame" shi a takarda a sake ɗaukarsa don kada ya ci fansho da hutu. Zalunci ne, kuma ba ya ma tsare mai yinsa. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana duba yadda aikin ya gudana a zahiri, ba sunan da aka laƙaba masa kawai ba. Kafin ka fara amfani da takardun ɗaukar aiki, ka biya lauya ya duba maka su sau ɗaya, na dindindin daban, na kwantaragi daban, na yini daban.

Mataki na 6: Duba hanyoyin da ke tsakani

Kwantaragi mai wa'adi, na wata uku ko shida, ya dace da lokacin da ka san ciniki zai ɗore na ɗan lokaci, kamar kamfanin gine-gine ya kama maka ɗaki goma har ya gama aikin hanya. A rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa ƙarara. Akwai kuma 'yan ƙarshen mako, masu zuwa Juma'a zuwa Lahadi kawai. Ɗaliban jami'a da na kwalejin kimiyya da fasaha sun fi dacewa da wannan.

Gadi da wanki ana iya ba kamfani. In kamfanin tsaro ne, ka nemi ganin lasisinsa, domin hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kansu. In kamfanin samar da ma'aikata ne, ya nuna maka lasisin Ma'aikatar Ƙwadago. Ka kuma tambayi masu gadin da bakinka nawa ke isa hannunsu daga abin da kake biya, domin maigadin da kamfaninsa ya riƙe wa albashin wata biyu a ƙofarka yake tsaye, ba a ƙofar kamfanin ba. Ni dai shawarata, ko ka ba kamfani gadi, ka bar dattijo ɗaya naka na kanka a bakin get, wanda ya san unguwa, unguwa ta san shi.

Ɗalibai masu zuwa sanin makamar aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, daga wurare irin su Kaduna Polytechnic, da waɗanda suka yi kwas a cibiyar koyar da aikin otal da yawon buɗe ido ta NIHOTOUR da ke Bagauda, hannu ne mai amfani kuma daga cikinsu ake tsintar ma'aikatan gobe. Sai dai koyo suka zo yi. A ba su alawus, a zagaya da su sassa, kada a bar ɗalibi shi kaɗai a risepshon da dare.

Hanya mafi araha kuma tana cikin gidanka: koya wa na dindindin aiki biyu. Mai wanki ya iya gyaran ɗaki, weta ya iya karɓar baƙo. Wanda ya ɗauki aiki biyu a ƙara masa wani abu a albashi, in ba haka ba zai ga wayo aka yi masa.

Mataki na 7: Gina jerin 'yan wucin gadinka tun kafin buƙata ta taso

Mafi munin lokacin neman weta shi ne ranar Juma'a da yamma, dina gobe. A nan ne ake cewa "kowa ya zo da abokinsa", a tara mutanen da ba a san ko sunansu ba. Tun a watan sanyi za ka yi wannan aiki. In kana buƙatar mutum 12 a babban biki, jerinka ya kai 20, domin kullum akwai mai jarrabawa, mai rashin lafiya, da wanda wani otal ya riga ka kira. Kowa ya kawo lambar NIN, hoto, da mai tsaya masa wanda za ka kira ka ji muryarsa. Duk mai taɓa abinci ya yi gwajin lafiya kamar yadda na dindindin ke yi. Jerin ya ƙunshi mata da yawa, saboda kamu da walimar mata akwai gidajen da ba za su yarda namiji ya shiga yana raba abinci ba.

Ka ware yini guda ka horar da su, ka biya su kuɗin wannan yinin. Yadda ake ɗaukar tire, miƙa abu da hannun dama, gaisuwa, inda banɗaki da masallaci da ƙofar fita ta gaggawa suke, da abin da ba a yi: ɗaukar hoton baƙi, roƙon kuɗi, karɓar lambar wayar 'yan biki, tsayawa tsintar kuɗin liƙi.

Ranar aiki su iso awa biyu kafin baƙi. A rubuta suna, a ba kowa riga mai lamba, a ci abinci tukuna, domin mai jin yunwa ba ya raba kaza da natsuwa. Sannan babban weta ya tara su minti goma: "Kai da kai, tebur na ɗaya zuwa na huɗu, kuna ƙarƙashin Malam. Ke da ke, ɓangaren iyaye mata, duk abin da Hajiya uwar biki ta ce ku zo ku gaya min kafin ku amsa. Ba mai shiga sito, ba mai hawa bene." A ƙirga farantai da cokula kafin a fara, a sake ƙirgawa a gabansu bayan an tashi.

A biya su a daren, ko a tura musu kafin azahar ɗin gobe. Hadisin nan da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe kowa ya san shi, kuma a wannan sana'a amfaninsa a fili yake: otal ɗin da ke biya nan take shi ake fara amsa wa waya ranar Asabar ɗin da gari ke da biki goma. Taron da ya kai sha ɗayan dare, a tanadi motar da za ta sauke su, musamman mata. In kana karɓar kuɗin hidima a kan lissafin mai biki, ka fayyace tun farko ko 'yan wucin gadi na da kaso, kowa ya ji da kunnensa. Rigima tsakanin 'yan gida da 'yan waje yawanci daga nan take farawa, sai kuma in 'yan gida suka ga an sakar musu dukan aikin wahala alhali kuɗin yinin ɗan waje ya fi nasu in an raba.

Mataki na 8: Bayan kowane babban lokaci, zauna ka sake dubawa

Bayan Babbar Sallah da kuma farkon Janairu, ɗauko littafin da ake rubuta sunayen 'yan wucin gadi ka ƙirga kwanakin kowane gurbi. In ka ga mai wanke-wanke "na wucin gadi" ya yi kwana 20 a wata har wata shida a jere, wannan gurbin ya riga ya zama na dindindin, saura takarda. Ka ba wanda ya fi cancanta daga jerinka, wanda ka ga zuwansa a kan lokaci, ka ga hannunsa, ka ga yadda ya yi da baƙon da ya ɗaga masa murya. Ya fi duk wata ganawar minti goma da mai riƙe da takardun makaranta. Ka sanar a gaban sauran cewa daga cikinsu aka ɗauka, kuma haka za a riƙa yi.

In kuma lissafi ya nuna wani gurbin dindindin ya yi yawa, kada ka yi gaggawar kora. Duba ko za a koya masa wani sashe, ko a tura masa hutunsa na shekara cikin azumi lokacin da gida ke sanyi, ko in wani ya bar aiki da kansa a bar gurbin ba a cike ba. In rabuwar ta zama dole, a ba shi notis ɗin da doka ta ce, a biya shi duk abin da yake bi, a rubuta masa takardar shaidar aiki, sannan a tambaye shi ko yana so a sa sunansa a jerin waɗanda ake kira ranar biki.